Kundin Aikin Gyaran Fom-fom da Yawon Gani da Ido na Shafin Cibiyarmu

13 ga Janairu, 2025

Yau muka kammala ƙidayar takardun da ake saukewa daga shafin intanet na cibiyarmu, kuma adadin ya zarce abin da kowa a cikinmu ya zata. Takardu 112 muka samu, 38 daga ciki fom-fom ne da ake so mutum ya cike ya dawo mana da su, sauran kuwa rahotanni ne da sanarwoyi da jadawali. A bara an gyara shafukan kansu don su dace da mataki na AA, matsakaici a cikin matakai uku, na WCAG 2.2, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan intanet ta fitar a watan Oktoban 2023, sai dai babu wanda ya leƙa abin da ke bayan maɓallin "sauke fom". Makaho yana iya bin shafin tun daga sama har ƙasa da manhajar karanta allo, wadda ke karanta masa rubutun da murya, ya gano fom ɗin da yake nema, ya sauke shi, daga nan kuma sai ya tsaya cik. An yi ba a yi ba ke nan.

Fom-fom ɗin sun kasu uku. Guda 14 hoton takarda ne kawai da aka ɗauka da sikana, 19 an rubuta su a Word an mayar da su PDF da ɗige-ɗige a inda ya kamata a yi rubutu, 5 ne kaɗai ke da guraben da ake iya cikewa a kwamfuta.

Mun yanke shawarar farawa da fom-fom, mu bar tsofaffin rahotanni sai daga baya, kuma ba mu muka fara yin wannan rabon ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2016 kan shafukan hukumomin gwamnati ta ɗaga ƙafa ga takardun da aka wallafa kafin 23 ga Satumba, 2018, amma ban da waɗanda har yanzu ake gudanar da aikin hukuma da su. Ƙa'idar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a watan Afrilun 2024 ita ma ta ware tsofaffin takardu, ban da waɗanda ake amfani da su wajen neman wata hidima. Hikimar a fili take, domin rahoton shekaru goma da suka wuce yana iya jira, amma mai neman rajista wa'adi ne da shi.

21 ga Janairu, 2025

Mun yi zaman gwaji na farko da wata malama mai larurar gani wadda ta amince ta riƙa aiki tare da mu har ƙarshe. Da NVDA take amfani, manhajar karanta allo ta kyauta wadda aka fara a Ostireliya a 2006. Na roƙi abokan aikina su zauna su saurara kawai, kada kowa ya taɓa linzamin kwamfuta don ya taimaka mata.

Fom ɗin da aka ɗauka da sikana bai ɗauke mu minti ɗaya ba. Ta buɗe shi, manhajar ta faɗi sunan fayil ɗin, ta yi shiru, domin a wurinta babu harafi ko ɗaya a ciki. Wanda ya fi ba mu kunya shi ne wanda muke alfahari da shi, wato fom ɗin rajista mai gurabe. Da ta danna maɓallin Tab, sai manhajar ta ce "Text1", ta sake dannawa ta ce "Text7", sannan "Text2". Wanda ya haɗa fom ɗin bai raɗa wa ko gurbi ɗaya suna ba, kuma guraben suna bin jerin da ya zana su ne, ba jerin da suke a takardar ba, shi ya sa daga gurbin suna sai a yi tsalle zuwa na sa hannu a ƙasan shafi, a dawo sama. Ta juyo inda nake ta ce, "Malam, a nan sunana zan rubuta ko ranar haihuwata?" Ni da nake kallon allon ma sai da na laluba kafin na gano inda take.

Bayan an tashi ta faɗa mana yadda ta saba yi da irin waɗannan takardu. Wani take ba wa ya cike mata, wanda ke nufin sai ta faɗa masa shekarunta da lambar wayarta da yanayin lafiyarta da duk wani abin da fom ɗin ya tambaya, ko tana so ya sani ko ba ta so. A tsarin aikin da na rubuta tun farko ban ambaci sirri ko sau ɗaya ba. Na gyara shi yau.

4 ga Fabrairu, 2025

Mako biyu ke nan muna fama da alamomin tsari, kuma ya dace in rubuta bayaninsu a nan saboda wanda zai gaji aikin. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowane allo da kowace na'urar buga takarda. Abin da fayil ɗin ke riƙewa shi ne inda kowane harafi zai zauna a shafi, bai san cewa wannan layin kanu ne ba, wancan kuma tebur ne. Sai a 2001, da sigar 1.4, aka ƙara wani ɓoyayyen jeri na alamomi da ke cewa ga kanu, ga sakin layi, ga hoto da bayaninsa, ga kuma tsarin da za a bi wajen karantawa. Wannan jerin ne manhajar karanta allo ke bi. A 2012 aka fitar da ma'aunin PDF/UA, wato ISO 14289, wanda ya fayyace yadda ya kamata alamomin su kasance.

Mun gano dalilin da ya sa fom-fom 19 ɗin nan suka fito tsirara. Ma'aikatan ofis sun saba bin hanyar buga takarda idan za su mayar da Word zuwa PDF, hanyar da sau da yawa takan zubar da alamomin gaba ɗaya. Ko da sun bi hanyar adanawa ta daidai ma, abin da zai fito kaɗan ne, tun da kanun labaransu rubutu ne da aka ƙara wa girma aka yi masa kauri da hannu, ba a zaɓa masa salon kanu ba.

Masu sikana kuwa mun bi da su ta manhajar da ke gane haruffa daga hoto. A fom-fom ɗin da ke da Hausa ta mayar da yawancin haruffa masu lanƙwasa zuwa marasa lanƙwasa, har "ƙasa" ta koma "kasa", wasu wuraren kuma ta sa alamomin da ba su da ma'ana ko kaɗan. Mai ido ba zai ga wannan ba, domin hoton takardar ne a sama, gurɓataccen rubutun yana ɓoye a ƙarƙashinsa. Da muka auna lokacin da gyaran kowane shafi ke ci, sai muka ga sake rubuta guda 14 ɗin daga farko ya fi sauƙi. Mun kuma sa wa kowace takarda alamar harshenta, kuma inda harshe biyu suka haɗu a fom ɗaya mun sa wa kowane sashe tasa, don kada manhajar ta karanta wani harshe da lafazin wani.

6 ga Fabrairu, 2025

Kuskure na ne, kuma gara in rubuta shi. Na bi da fom shida ta PAC, manhajar kyauta da ke duba ko alamomin tsarin PDF sun cika, duk suka fito da koren maki, na aika wa malamar da murna. Ta dawo mini da huɗu. A ɗaya daga ciki bayanin da ke kan zanen matakan rajista shi ne kalmar "hoto" kawai, a wani kuma gurabe uku ne a jere kowanne sunansa "kwanan wata", ba a bambanta na haihuwa da na fara aiki da na sa hannu ba. Manhajar tana iya ganin cewa akwai bayani, amma ba ta da hanyar sanin ko bayanin yana da amfani. Daga yau babu fom ɗin da za a ce an gama sai mutum ya cike shi daga farko har ƙarshe ba tare da linzami ba.

24 ga Fabrairu, 2025

An yi doguwar muhawara a taron yau, kuma na fito da rabin abin da na nema. Shawarata ita ce fom-fom goma da aka fi saukewa su daina zama PDF, a mayar da su shafukan da ake cikewa kai tsaye a burauza. Hujjata ta farko ita ce waya. PDF faɗinsa a ƙayyade yake, don haka mai raunin gani da ya ƙara girman rubutu sai ya riƙa jan shafin dama da hagu a kowane layi, alhali ƙa'idar WCAG tana so rubutu ya sake jera kansa a faɗin fiksel 320, daidai da ƙara girma ninki huɗu a allo mai faɗin 1280. Ta biyu kuma, manhajojin buɗe PDF ba ɗaya suke ba, fom ɗin da ya yi aiki sumul a wata yana iya rasa sunayen gurabensa a wata, kuma ba mu da iko a kan wadda mutum zai buɗe da ita.

Sashen adana bayanai ya ƙi, saboda batun sa hannu da hatimi. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin akwai takardun da sai an sa musu hannu da biro suke karɓuwa. Da muka bi goman ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama uku ne kaɗai ke buƙatar hakan da gaske, sauran bakwai al'ada ce kawai aka gada ba wanda ya tambayi dalilinta. An amince da mayar da shida, an bar na bakwai sai an tuntuɓi lauyan cibiya.

A sababbin shafukan mun kula da abubuwan da tsofaffin fom-fom ba su da su. Gurbin da ya zama dole a cike an rubuta "wajibi" a gefensa, ba jan launi kaɗai ba, saboda masu wahalar bambance launuka. Idan mutum ya yi kuskure, saƙon yana faɗin gurbin da kuma gyaran, misali "Lambar waya ba ta cika ba", maimakon "An sami matsala". Adireshin da aka rubuta a shafi na ɗaya ba a sake neman sa a na uku, abin da sigar 2.2 ta WCAG ta ƙara cikin ƙa'idoji. Ga waɗanda suka rage a PDF kuma, kowane mahaɗi yanzu yana faɗin sunan fom ɗin da nau'insa da nauyinsa, domin a da guda goma sha ɗaya ne a shafi ɗaya kowanne "danna nan".

10 ga Maris, 2025

Mun koma kan yawon gani da ido, kuma na yi zaton zai fi sauƙi tun da abu ɗaya ne ba 38 ba. Ashe ba haka ba ne. Hotuna ne masu juyawa digiri 360 da aka ɗauka a wurare 22 cikin ginin, wani kamfani ya haɗa su shekaru huɗu da suka wuce, muka liƙa su a shafinmu. Ga abin da muka gani a gwajin yini ɗaya.

A wurin manhajar karanta allo, yawon gaba ɗayansa fili ne ba komai, domin an zana shi ne a kan allo kamar hoto guda, kibiyoyin da ake dannawa a shiga ɗaki na gaba ma ɓangare ne na zanen. Mai amfani da madannai kaɗai yana iya shiga da Tab, amma ba ya iya fita, sai ya rufe shafin ɗungurungum, kuma wannan tarkon yana cikin laifuffukan mataki na A, wato mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Ba a juya hoton sai da jan linzami ko jan yatsa, abin da ke gagarar mai karkarwar hannu, shi ya sa sigar 2.2 ta ce duk abin da ake yi da ja a samar masa hanyar yi da dannawa ɗaya. Kibiyoyin farare ne a kan farin daɓe, ba su kai bambancin haske na 3 da 1 da ake nema ba, wasunsu kuma ba su kai fiksel 24 a kowane gefe ba.

Sai kuma abin da ke farawa da kansa. Da an buɗe shafin hoton ke soma juyawa, kiɗa kuma ya tashi. Ƙa'ida ita ce motsin da ya wuce daƙiƙa 5 da sautin da ya wuce daƙiƙa 3 dole a ba mutum hanyar tsayar da su. Kiɗan yana danne muryar manhajar karanta allo, ta yadda makaho ba zai ma ji inda yake ba balle ya nemi hanyar kashe shi. Wata abokiyar aikinmu, wadda ba mu taɓa sanin tana da wata larura ba, ta ce ita tun da aka sa yawon ba ta taɓa wuce ɗaki na biyu ba, domin juyawar tana sa ta jiri da tashin zuciya.

19 ga Maris, 2025

Kamfanin ya amsa wasiƙarmu. Sun kashe kiɗan da juyawar nan take, tun da saiti ne kawai, sun kuma yi alkawarin cire tarkon madannai a sabuntawa ta gaba. Kan sauran sun ba da shawarar mu sayi wani ƙaramin maɓalli da ake maƙalawa a kusurwar shafi, wanda aka ce yana gyara komai da kansa. Mun ƙi. Irin wannan maɓallin ba ya shiga cikin PDF da mutum ya riga ya sauke, ba ya kuma iya taɓa yawon da ke zuwa daga wata sabar daban, balle ya san abin da ke cikin hoton ɗakin karatu. Na duba takardar kwangilarmu da su, babu layi ko ɗaya a kan masu buƙata ta musamman, don haka ba mu da abin kama su da shi sai roƙo.

7 ga Afrilu, 2025

Wannan ne sashen da ya fi sauya mini tunani, don haka zan tsawaita. Tun da ba za mu iya gyara yawon daga ciki ba, sai muka yanke shawarar gina masa abokin tafiya: shafi na rubutu da hotuna marasa motsi, kowane wuri da kanunsa, da mahaɗin zuwa wuri na gaba da na baya. Na rubuta daftarin farko ina kallon hotunan, na ba malamar da wani bawan Allah mai amfani da keken guragu su duba.

Bayanina na zauren taro cewa ya yi, zaure ne mai faɗi da haske, an ƙawata shi da kujeru na zamani. Malamar ta ce wannan talla ce, ita abin da take son sani shi ne idan ta shiga ina za ta nufa. Shi kuwa mai keken ko karanta bayanin bai gama ba ya ce, "Malam, ni tambayata ɗaya ce, ƙofar nan keke na wucewa?" Ya ce duk lokacin da zai je wurin da bai sani ba yakan nemi hotunansa tukuna, ba don sha'awa ba, sai don ya ƙirga matakala, ya ga ko akwai gangara, ya san ko banɗaki zai karɓe shi, saboda ya sha yin doguwar tafiya ya juya daga bakin ƙofa. Da muka sake bin wurare 22 ɗin da wannan ido, sai muka tarar mai ɗaukar hoton ya tsallake daidai abubuwan da ake nema. Babu banɗaki, babu lif, babu hanyar da ke tsakanin ɗakuna, kuma ƙofar shigar da ya ɗauka ita ce ta gaba mai matakala shida, ta gefe mai gangara ba ta fito ba sam.

Washegari mu biyu muka ɗauki tef ɗin awo muka zagaye ginin. Ga yadda bayanin zauren ya koma: "Ƙofar zauren tana da faɗin santimita 88, turawa ake yi ciki, babu tudu a bakinta. Idan ka shiga, dandamali yana gabanka kai tsaye, kimanin taku goma sha biyar. Kujeru suna dama da hagu a layi takwas, an bar gurbin keke biyu a layin farko ta hannun dama. Hawa dandamali matakala uku ne, babu gangara." Shugaban sashe ya nemi a cire jimlar ƙarshe, a ganinsa tonon asirin kai ne. Na ce cire ta ba zai rage matakalar ko ɗaya ba, sai dai ya sa mutum ya zo ya tarar da ita. An bar ta, kuma an aika wa sashen gine-gine takarda a kan dandamalin.

Ɗan gajeren bidiyon da ke tsakiyar yawon shi ma an taɓa shi. Rubutun ƙasan allo da na'ura ta yi masa ya ɓata sunayen sassa kusan duka, mun sake rubuta shi da hannu, mun nuna wanda ke magana a kowane lokaci saboda kurame. Akwai daƙiƙa arba'in da kyamara ke bin ɗakuna ba a cewa komai, nan ne za a saka muryar da ke bayyana abin da ake gani.

28 ga Afrilu, 2025

Inda aka kwana: fom 6 sun zama shafukan burauza, 24 an sake gina su da alamomin tsari kuma mutum ya cike kowanne ba da linzami ba, 8 suna nan. Shafin rubutu na yawon ya hau, da wurare 22 na asali da ƙarin 7 da muka ɗauka da kanmu, kuma mahaɗinsa yana saman yawon ne, don mai madannai ya riske shi kafin ya faɗa tarkon da kamfanin bai cire ba har yau.

A makon jiya wani sashe ya ɗora sabon fom na neman izinin amfani da zaure, kuma hoton sikana ne, a karkace ma. Ban yi wa kowa faɗa ba, domin wata uku muka yi muna gyara abin da ya riga ya fito, ba mu taɓa zama da masu haɗa takardun ba. Na shirya samfurin Word mai salon kanu da teburi na gaskiya da alamar harshe, kuma ranar 6 ga Mayu za mu yi zaman awa biyu da sakatarorin sassa, malamar ta yarda ta zo ta buɗe musu fom ɗin zauren a gabansu. Kafin ranar akwai gwajin sababbin shafuka shida da TalkBack da VoiceOver, manhajojin karanta allo na waya, wanda ba mu fara ba tukuna, da ɗaukar muryar bidiyon, da kuma amsar lauya a kan fom na bakwai.